Shuɗiya a Hanyar Yanbu

Lahadi, 3 ga Safar 1426

Mace ce. Bayan la'asar aka haife ta. 'Yata Khalida tana lafiya, jaririya tana lafiya. Sau biyu na rubuta layin nan, na farkon bai karantu ba.

Yau ni Lurwanu na zama kaka, ina da shekara sittin da takwas. Da ma'aikaciyar asibiti ta miƙo mini ita sai na rasa yadda ake riƙewa. Shekara talatin da shida ina tuƙa bas ɗin alhazai daga Bi'ir Ali a nan Madina zuwa Makka, mutum hamsin a bayana, ban taɓa jin tsoron kaya irin na yau ba. Matata Kaltuma ta ce, "Malam, ba taya ba ce, sassauta hannu." Mijin Khalida, Ubaidullah, yana kan hanya daga Yanbu inda yake aiki a matatar mai, don haka ni na yi mata kiran salla a kunne.

Litinin, 4 ga Safar

Kunnuwan mahaifiyata gare ta. Babu wanda ya yarda. To, duk gidan nan babu wanda ya taɓa ganin mahaifiyata sai ni.

Lahadi, 10 ga Safar

An yi suna. Safiyyatu. Sunan mahaifiyata ne, kuma Ubaidullah bai gaya mini ba sai da liman ya faɗa a gaban jama'a. Na tashi na fita waje ina duba tayoyin Shuɗiya, motata, alhali babu abin da ya same su. Na daɗe ina dubawa.

Iyayenta za su riƙa kiranta Afnan. Ni bakina ba zai iya ɗaukar sunan gaskiyar ba, kuma Afnan bai zauna mini ba. Inna zan ce.

Khalida za ta zauna wurinmu har ta yi arba'in, uwarta tana kula da wankanta. Daga nan su koma Yanbu. Ba na son tunanin wannan yanzu.

Juma'a, 15 ga Safar

Khalida ta tarar da ni ina rubutu ta ce, "Baba, me kake ta rubutawa haka?" Na miƙa mata. Ta juya littafin, ta dawo mini da shi tana dariya. Malamin makarantar dare Larabci ya koya mana, ina da shekara hamsin da biyu lokacin, amma ni da haruffansa nake rubuta Hausata. Yaran suna ganin haruffan sun sani, maganar ta ƙi fito musu. Ya yi mini daidai.

Inna ta yi atishawa sau uku a jere yau, ta tsorata da kanta.

Talata, 26 ga Safar

Saura kwana goma sha bakwai.

Wurin cin abincin rana na ce idan sun koma Yanbu, kowace Alhamis ni da Kaltuma za mu je mu kwana, mu dawo Juma'a bayan la'asar. Ɗana Walid ya ajiye cokali. Ni ina Hausa, shi yana amsawa da Larabci, kamar kullum.

"Da wace mota, ya buya?" Haka yake kirana, wato baba.

"Mota nawa gare ni?"

Ya ce hanyar ta haura kilomita ɗari biyu, duwatsu ne, zafi yana shigowa, Shuɗiya ta shekara goma sha bakwai. Bai ce ni na tsufa ba, amma ya dubi tabarauna. Ya ce shi zai riƙa kai mu. Walid a otal yake aiki kusa da Harami, Alhamis ɗaya tak yake samu a wata. Na ce masa jaririya a wata guda ta zama wata yarinya dabam, duk zuwa sai an sake gabatar da ni.

Mun ƙare da sharaɗi biyu. Na ɗaya, zan yi ta'min na lalacewar mota, inshorar nan da ake ɗauko ka idan ka tsaya a hanya. Na biyu, ranar da Shuɗiya ta tsaya da mu a hanyar Yanbu, daga ranar makulli ya koma hannunsa, mu koma tafiyar wata-wata. Na ba shi hannu da sauri. Na san motata.

Lahadi, 1 ga Rabi'ul Awwal

Na je ofishin ta'min. Na yi sa'a, ma'aikacin ɗan Hausawan Sudan ne, Mu'azzam sunansa. Da ya ga sunana a katin sai ya juye Hausa, ya sa aka kawo shayi.

Iri biyu ne. Na farko, idan mota ta tsaya ka kira su, ko da wayar mai wucewa ce, su turo satha, wato babbar motar da ake ɗora mota a bayanta. Ba ka biyan komai a wurin. Amma sai an rubuta lambar jawwal, wato wayar hannu, a fayil, ita suke kira har a kai motar warsha, wurin makanikai. Na ce ni ba ni da jawwal, ba na kuma so. Ya ce, "Ba damuwa, Ammu," wato baffa, "sa ta ɗanka. Duk abin da ya faru shi za mu fara kira."

Na ce to na biyun fa.

Na biyu shi ne biya ka nema. Kai za ka samo satha da kanka, ka biya daga aljihunka, ka karɓi fatura, wato rasit, mai hatimi, ka cike takarda cikin kwana goma sha biyar, su mayar maka da kuɗinka. Ya fi araha. Babu mai kiran kowa.

Na sa ya maimaita maganar ƙarshen. Ya maimaita, sannan ya ce, "Amma Ammu, wannan na masu yawon cikin gari ne. Ina za ka riƙa zuwa?" Na ce nan kusa. Na karɓi takardun biyu na ce zan yi shawara.

Talata, 3 ga Rabi'ul Awwal

Na sa hannu a na biyun.

Na gaya wa Walid ya fi araha, kuma duk masu satha daga nan zuwa Badar na san su. Ya karanta takardar, ya ga hatimi, ya ce, "Ɗayyib," wato ya yarda. Da na san su ɗin, shekara goma da suka wuce. Wasu suna kwance a Baƙi'a, wasu sun koma ƙasashensu.

Bayan ya fita Kaltuma tana niƙa kanwa ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Malam, araha ka saya ko shiru?" Na ce ban gane ba. Ta ce, "To."

A nan zan rubuta gaskiya tunda babu mai karantawa. Mota ba ta rasa ɗan tari. Idan ta yi ƙaramin abu na gyara na wuce, me ya sa wani ofishi zai buga wa ɗana waya a karɓe mini Alhamis uku a wata? Ba ƙarya zan yi masa ba. Ba za a tambaye ni ba ne kawai.

Lahadi, 8 ga Rabi'ul Awwal

Ta yi mini murmushi. Kaltuma ta ce iska ce a cikinta. Khalida ma ta ce iska ce. Ni nake riƙe da ita, ni na gani.

Juma'a, 13 ga Rabi'ul Awwal

Sun tafi. Kaltuma ba ta naɗe ƙaramar katifar ba, ni ma ban ce ta naɗe ba.

Asabar, 21 ga Rabi'ul Awwal

Mun je mun dawo. Shuɗiya ko tari. Awa uku da kwata, da tsayawar shan shayi a Badar. Tun daga Musaijid nake waƙa, Kaltuma ta ce rabona da waƙa a mota tun muna kai Walid makarantar firamare.

Kwana shida kacal, amma wuyanta ya fara tsayawa. Da na ce "Inna" sai ta juyo. Ubaidullah ya ce ga ƙarar firiji ma tana juyowa. Yaron kirki ne, amma bai san komai a kan jarirai ba.

Da yamma na ɗauke ta muka tsaya a taga tana kallon wutar matatar mai daga nesa. Na ba ta labarin yadda mai sunanta ta taho daga Katsina a ƙafa da jaki, shekara huɗu a hanya, ni ina goye. Ta yi barci a daidai Sudan.

Da muka dawo Walid yana ƙofar gida, wai wucewa yake yi. Ya ɗora hannu a kan bonet kamar mai gaisawa. Zafinta yake ji. Na bar shi.

Asabar, 28 ga Rabi'ul Awwal

Karo na biyu, lafiya lau. Ta kama gemuna ta ƙi saki. Da a ce wata-wata ne da wannan ya wuce ni.

Asabar, 6 ga Rabi'us Sani

Tun shekaranjiya nake ɗaukar alƙalami ina ajiyewa.

Ta tsaya. Bayan Musaijid, a hawan nan da babu ko bishiya, wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Allurar zafi ta haura, na gangara gefe, tururi ya taso. Na ɗauka ruwa ne ya yi ƙasa. Na jira ta huce na juye jarkar ajiya a lagireto, bai isa ba, na ƙara da ruwan shanmu duka. Sai da na gama na leƙa ƙasa na ga yana zuba kamar an buɗe famfo. Ɗurumbar ruwa ce, wato famfon ruwan inji, ta mutu. Direban shekara talatin da shida, ban leƙa ƙasa ba kafin in zuba ruwan shan matata.

Ba a fi minti ashirin ba wani saurayi ya tsaya da iyalinsa. Ya miƙo mini jawwal ta taga ya ce, "Ya ammi, kira ɗanka ko wani." Lambar Walid tana kaina kamar Fatiha. Na ce masa babu wanda zan kira, in dai zai taimaka ya faɗa a gidan mai na gaba a turo mana satha. Ya ba mu ƙaramar gorar ruwa ɗaya da ta rage musu, ya tafi. Kaltuma tana cikin mota, ta ji duka.

Awa biyu da rabi. Cikin mota ya zama tanda, waje babu inuwa. Na buɗe but na rataya dardumar salla tsakaninsa da ƙofa, ta zauna a ƙasa a kan kwali. Tana da ciwon sukari, kuma ni na fi kowa sani. Da gorar ta ƙare sai ta buɗe fulas ɗin kunun kanwar da ta dama wa Khalida tun asuba, muka riƙa karɓa-karɓa da murfin. Ta ce, "Yau mu ne masu jego." Na yi dariya don ta yi. Leɓɓanta sun yi fari. Na tsaya a titi ina ɗaga wa kowace babbar mota hannu, ina jin kunyar juyowa.

Satha ta zo bayan azahar. Direban ya sauko yana Larabcin gwari-gwari, da ya ji Kaltuma ta ce "Alhamdu lillahi, mun tsira" sai ya tsaya cak. Abdou sunansa, mutumin Tawa ne, shekara uku yana aiki a hannun wani kafili, ubangidan da ya tsaya masa, a Badar. "Hajiya, hau gaba maza, akwai sanyi ciki. Baba, mi ya hwaru haka? Tun yaushe kuke nan?" Ya ba ta ruwansa, ya juya mata iskar mukayyif, na'urar sanyaya motar, duka.

A hanya na ce ina son fatura mai hatimi, na yi masa bayanin biya ka nema. Ya saurara har ƙarshe ya ce, "Baba, wanda ya saida maka wannan, ya hwaɗa maka satha tana tsirowa cikin dutse?" Na ce an faɗa mini, ni ne ban ji ba.

A Badar makanike ya samo ɗurumba, aka ɗaura. Abdou ya raka ni ofishin kafilinsa aka buga hatimi. Mun shiga Yanbu ana kiran magariba. Khalida tana bakin ƙofa da Inna a kafaɗa, idanunta sun yi ja. Na riga Kaltuma magana, na ce mun tsaya ziyarar shahidan Badar ne, muka ci abinci, hira ta ja. Khalida ta dubi uwarta. Uwarta ta ce, "Ba ni ita nan," ta karɓi jaririyar ta shige.

Na ce ba zan yi ƙarya ba. Ga shi na yi, kuma da shahidai na yi ta.

Lahadi, 7 ga Rabi'us Sani

Walid ya zo, ya tambayi hanya. Na ce hanya lafiya. Ya daɗe a ɗakin uwarsa.

Talata, 9 ga Rabi'us Sani

Kaltuma ta ga faturar a aljihun rigata za ta wanke. Ta ce, "Malam, bar musu kuɗin nan. Yaga ta kawai." Na ce hakkina ne, don shi na yi ta'min ɗin.

Ba kuɗin ba ne. Duk rayuwata takardar ofis sai na kai wa masu rubutu a bakin ma'aikata, in tsaya a kansu ina faɗa suna rubutawa, in dangwala yatsa. Wannan ita ce ta farko da zan cike da hannuna daga sama har ƙasa. Na share tebur, na gwada a wata takarda sau biyu tukuna. Suna, lambar mota, wurin da ta tsaya, abin da ya lalace. Har sanduƙin barid, akwatin gidan waya, da ka na rubuta, lambar da muke karɓar wasiƙu da ita shekara da shekaru. Babu gogewa ko ɗaya.

Mu'azzam ya karanta ya ce, "Musaijid, Ammu? Nan kusa ke nan?" Na ce rubutun dai ya yi? Ya ce rubutun ya fi nasa. Amsa za ta zo ta barid cikin sati biyu.

Asabar, 13 ga Rabi'us Sani

Mun je. Jarka huɗu na ɗauka. Kaltuma ta sa nata ruwan a ƙarƙashin ƙafarta, ta ce wannan ba na lagireto ba ne. Ban yi waƙa ba, idona yana kan allura tun daga Bi'ir Ali.

Inna ta fara gwalan-gwalan. Ta ce "aguu", na ce mata haka ne, ta sake cewa. Mun yi kusan rabin awa muna wannan shawara.

Asabar, 20 ga Rabi'us Sani

Lafiya lau. Amma da muka zo hawan nan na ga Kaltuma ta runtse ido tana motsa baki har muka wuce. Ba ta taɓa yin haka a motata ba, ko zamanin da nake bin tsohuwar hanyar Makka da ita.

Talata, 23 ga Rabi'us Sani

Sanduƙin na Walid ne. Na san haka. Tun da ya fara aiki ya buɗe shi, shi ke da makullinsa, shi ke kawo mana duk abin da ya shigo. Na rubuta lambar ina jin daɗin kyan baƙaƙena, ban tsaya na tuna hannun wa za ta faɗa ba.

Ya shigo bayan la'asar, ya sumbaci kaina, ya ajiye ambulan a gefen tiren shayi. Sunan kamfanin a sama da manyan haruffa, a ƙasa an buga "neman kuɗin satha". Bai buɗe ba. Ya ce, "Wasiƙarka, ya buya." Ya sha shayi kofi biyu, ya yi maganar cunkoson masu umra, ya tafi.

Cek ne a ciki, cif-cif abin da na biya. Kamfanin dai ya cika alkawarinsa.

Laraba, 24 ga Rabi'us Sani

Na ce wa Kaltuma asiri ya tonu. Ta ajiye tsintsiya ta zauna.

Ta ce, "Wane asiri? Tun ran nan ya sani."

Ashe da muka wuce lokaci Khalida ta kira shi tana kuka. Ya bar aiki ba izini, ya ɗauki hanya yana tafiya a hankali yana leƙa kowane kwazazzabo. Ya iske mu a Badar. Lokacin ina can wurin hatimi da Abdou, Kaltuma tana zaune a warsha. Ya tsaya a tsallaken titi, ta gan shi, ya ɗora yatsa a baki. Ya jira aka gama, ya bi bayanmu daga nesa har ya ga mun shiga Yanbu, sannan ya juya Madina.

Ta ce, "Sati uku ina riƙe da naka ina riƙe da nasa. Ku biyun kun gajiyar da ni. Ko sukari bai gajiyar da ni haka ba."

Na ce me ya sa ba ta faɗa mini ba. Ta ce, "Kai ne ka sayi shiru, Malam."

Alhamis, 25 ga Rabi'us Sani

Ban je ba. Na ce wa Khalida a wayar gida gwiwata ce. Ta sa wa Inna kan wayar a kunne, na yi ta magana, sai numfashinta nake ji.

Juma'a, 26 ga Rabi'us Sani

Bayan mun dawo daga Harami na ce Walid ya zauna. Na ciro makulli na ajiye a kan darduma tsakaninmu.

Na ce, "Ta tsaya."

Ya ce, "Adri, ya buya." Wai ya sani.

Na ce me ya hana shi fitowa a Badar. Ya ce da ya fito, da sai ya karɓi makullin a gaban makanike da direban satha, kuma shi ba zai iya ba. Ya ce ya ga uwarsa zaune a kan bulo tana fifita da murfin kula, ya riƙe sitiyari da hannu biyu don kada ya tsallaka.

Ya ce, "Ni ba makulli nake so ba. Awa biyu ina leƙa ramuka, ban san me zan gani ba. Wannan ne ba na so."

Na ce sharaɗi sharaɗi ne, na ba da hannu. Ya tura makullin da yatsa har ya taɓa gwiwata. Ya ce, "Ni ban ga ta tsaya a hanya ba. A warsha na gan ta. Sharaɗinmu bai ambaci warsha ba."

Kaltuma daga kicin ta ce, "Ɗan ubansa."

Bai roƙe ni komai ba. Bai ce in sayi jawwal ba, bai ce in canza komai ba. Da ya yi faɗa da na san abin da zan ce.

Asabar, 27 ga Rabi'us Sani

Khalida ta kira. Wai Inna ta juya da kanta, daga rigingine zuwa rub da ciki, ranar Alhamis da yamma. Ranar da ban je ba.

Lahadi, 28 ga Rabi'us Sani

Na biya ta ofishin Mu'azzam, tunda dama hanyata ce ta zuwa sayen dabino a unguwar Awali. Na ce ya mayar da ni iri na farko. Ba don komai ba, zafi ne ya shigo, kuma Kaltuma ba ta son jira. Ya ce sai na cika bambancin, na ce na sani. Bai yi mini dariya ba, Allah ya yi masa albarka.

Ya zo wurin lambar jawwal ya ɗaga alƙalami yana kallona. Na ce ba ni alƙalamin, ni zan rubuta ta Walid.

Alhamis za mu tafi da sassafe, ni zan tuƙa. Kaltuma ta ce a tsaya a saya wa Inna tabarma mai laushi tunda ta fara juyi.

Ban gaya wa Walid ba. Ranar da ta sake tsayawa su za su gaya masa, tun ina tsaye a bakin hanya.